Jawabin da Na Rubuta wa Yayana

Yayana ne mai jawabi a duk taron gidanmu a Kwarbai, har shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Da walimar saukar Alƙur'anin 'yarsa ta matso, na zauna gefen tabarmarsa ina rubutawa a madadinsa. In karanta, in ce, "Yaya, haka za ka faɗa?" Idan ya yarda, sai ya matse hannuna. Ban taɓa sanin zuciyarsa kamar lokacin ba.

Ranar walima ina karanta jawabin, da na kai "Allah ya yi miki albarka, 'yata," yarinyar ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Leɓɓansa na motsi, ba abin da ya fito. Na kasa ƙarasa jawabin.