Shiryuwar Ɓera

Ɓera muke ce wa ƙanena, don tun yana rarrafe yake satar nama a tukunya. Ranar da ginin makarantarsu ya rufta, shi ya fito, abokansa ba su fito ba. Daga nan ya daina sata, ya daina wanka, sai kwanciya da kallon silin.

"Yarona ya shiryu," Umma ke gaya wa maƙwabta. Shiryuwa ta fi daɗin faɗa.

Ni dai kullum sai in bar tukunya a buɗe.

Jiya Umma ta ƙwala ihu: "Wane ɗan banzan ne ya cinye min cinyar kaza?"

Ɓera na kwance, bakinsa na sheƙin mai. Ta tsaya kansa da ludayi, tana zagi tana hawaye, sannan ta koma ta ƙaro masa.