Garin Doyar Sagbo

Hwefa ba ta sayen gari sai ta murza shi a yatsu ta ɗora a harshe. Matan kasuwar Bohikon sun san ta da haka. "Ga mai lasa ta iso," in ji su. "Yaya, lasa dai, amma ki rage mana na sayarwa."

Mijinta Sagbo kafinta ne, kuma jikinsa ba ya karɓar masara. In ya ci, leɓe ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. A garin da ake karya kumallo da kokon masara, a kwana da tuwonta, kakannin da suka rasu ma ruwan garinta ake zuba musu a ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. An taɓa kai shi asibiti a kan babur saboda masarar da aka ƙara wa garin doya don ya yi auki. Tun ranar Hwefa ta daina yarda da bakin mai talla.

Wurin niƙa ne ya fi ba ta aiki. Injin unguwa ɗaya ne, masara yake ci tun safe. Sai ta riƙa zuwa da busasshen rogo, a fara niƙa shi ya wanke cikin injin, ta kai wa kaji, sannan a zuba doyarta.

"Inna, kajinki sun fi ni ƙiba," in ji Zinsu mai injin.

"Ba sa surutu, shi ya sa."

Da ƙafa ta fara ƙi, ta riƙa jan surukarta Asiba zuwa kasuwa. Ta nuna mata mai yajin da ba ta yin haɗi, da mai kifin da ba ta barbaɗa garin masara kafin suya. Yarinyar na da hankali, sai dai kunya. Ba ta iya lasar kayan babba a kan idonsa.

"Gobe mu je wurin Zinsu," Hwefa ta ce mata wata rana da yamma. "Akwai abin da za ki gani."

Ba su je ba. Bayan baƙin jana'izar Hwefa sun watse, Asiba ta tarar da buhun busasshiyar doya a bayan ƙofa, da ƙullin rogo a kansa, ba ta san na mene ne ba. Sagbo, wanda bai taɓa taka wurin niƙa ba, yana zaune a tsakar gida yana jiran tuwo.