Baba Direba a Ajin Girki

Duk lokacin da Baba Direba zai ɗanɗana miya, sai ya juya wa mutane baya kamar mai cin na sata. Shi kaɗai ne namiji a ajin girki na unguwarmu, inda ake koya mana dafa abinci mai araha, a ciyar da mabuƙata, kowa kuma ya tafi gida da rabonsa.

Shekara da shekaru yana tuƙa motar haya, bai taɓa hura wuta ba. Da matarsa ta kwanta ciwo, girki ya dawo kansa. Abin da ya dafa kuwa ba ta iya ci, sai ramewa take yi.

Ran nan muna tsintar wake, ya ce mini, "'Yata, ashe haka wake yake cin lokaci? Ni da nake ture mata kwano in ce bai dahu ba, in fita in ci a tasha." Na ci gaba da tsinta.

Gwaggo mai koyarwa ta jiyo shi. "To, yanzu kai za a ture wa kwano, angon murhu!"

Ya ce, "Ai an riga an ture. Jiya cewa ta yi ruwa ya yi yawa. Amma ta ci rabi."

Da waken ya nuna, ya ɗebi nata kafin a zuba barkono, ya rufe kwanon, ya tsaya wanke tukwane.