Wata Ukun da Aka Kulle Rijiyar Inna

Shekara guda bayan rasuwar Baba aka yanke shawarar sayar da gidanmu na cikin garin Rano a raba gado. Mu bakwai ne, gidan ɗaya, ko yaya aka yanka shi wani ba zai samu ɗaki ba. Ban ja da wannan ba. Abin da har yau yake min ɗaci shi ne yadda aka shirya gidan don kasuwa.

Babban yayanmu da yake aiki a Kano ya zo ya sa aka yi fenti, aka shafe tsakar gida da siminti, aka canza kwanon zaure. Ni kuma na baro ɗakina a Kibiya na zo na yi mako guda ina taya Inna shara da goge-goge. A ganinmu mun gama komai. Sai Yaya ya kawo dillali.

Wani gajeren mutum ne mai tumbi, waya biyu a hannu, hula a karkace. Fentin da aka kashe wa kuɗi ko kallo bai ishe shi ba. Ya tsaya a bakin lungu ya ware hannuwa yana awo, ya ce mota ba za ta shiga ba sai babur. Ya kasa kunne ya jiyo injin markaɗen maƙwabta, ya yamutsa fuska. Ya bi kwatarmu da ido har inda take zuba, yana tambaya ko mun taɓa rigima da masu gidan da take bi ta ƙofarsu. Har ɗakin Baba ya shiga ya ɗaga waya sama yana neman sabis, ɗakin da bawan Allah ya yi shekara arba'in yana karatun Alƙur'ani bai taɓa cewa ya rasa wani abu ba. Yaya na biye da shi yana gyaɗa kai kamar ɗalibi a gaban malami.

Ni na ɗauka rijiyarmu ce za ta rufe masa baki. Ƙasar unguwarmu dutse ce, da bazara ta kama rijiyoyi sai su ƙafe ɗaya bayan ɗaya, tamu kuwa ba ta taɓa ƙafewa ba, ga ruwan da daɗi. Tun kafin a haife ni Baba ya fasa 'yar ƙofa a katangar baya don matan unguwa su riƙa shigowa ba sai sun bi ta zaure ba. Ranar kasuwa matan Fulani masu tallan nono daga wajen Nariya a nan suke sauke ƙwarya su yi alwala. Inna ba ta da gona, ba ta da shanu, ba ta je Makka ba, amma kowa a unguwar ya san ta da ruwan nan.

Muna tsaye mata uku suka shigo da bokitai, suka gaishe mu suka zura guga. Dillali ya bi su da kallo, ya juya wajen Yaya.

"Alhaji, gidan nan ƙafa ta yi masa yawa."

Yaya ya ce ai ruwa suke ɗiba.

"Shi ne matsalar. Duk wanda ya sayi gidan nan, da mutanen nan zai saya. In ya bar su, gidansa ya zama kasuwa. In ya hana su, ya shigo unguwa da baƙin jini tun ranar farko. Babu mai zuba kuɗinsa ya sayi tsinuwa. Ku ku rufe, ku bari a yi wata uku mutane su saba, sannan in kawo muku masu saye na gaske."

Wato mu za mu kwashi tsinuwar, a miƙa wa mai saye gida a wanke. Haka na faɗa wa Yaya a gaban mutumin. Ya ce, "Ke me kika sani a harkar gidaje?" Shi da har gobe a gidan haya yake.

Sai ya juya ya tambayi Inna ra'ayinta, ni ma na kalle ta. Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa saboda alkunya, balle ta musa masa a gaban baƙo. Ta gyara mayafi ta ce, "Ku yi abin da kuka ga ya dace." Ya san haka za ta ce, shi ya sa ya tambaye ta a wurin.

Kafin la'asar an toshe ƙofar baya da bulo, an ɗora wa rijiya murfin ƙarfe an garƙame. Yaya ya damƙa wa Inna makullin, ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta buɗe wa kowa ba sai don amfanin kanta. Ya ce duk wanda ya tambaya a ce ruwan ne ya lalace. Daga nan ya taka zuwa titi inda ya ajiye motarsa ya koma Kano. Jarumin bai tsaya ya ga fuskar ko mutum ɗaya ba.

Washegari da hantsi Iya ta zo. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, ita ta yi wa Inna wankan jego a haihuwarmu duka bakwai. Ta tarar da bulo inda ta saba shigowa, ta zagayo ta zaure da bokitinta tana ɗingishi. Ta tsaya a kan murfin ƙarfen.

"Me ya sami rijiyar?"

Inna ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Lafiyarta lau. An ce in rufe ne."

"Wa ya isa ya ce ki rufe a gidanki?"

Inna ta sunkuyar da kai. Makullin yana ɗaure a bakin zanenta, Iya tana ganinsa. Ni ma ina tsaye a wurin, da bakina mai kaifi, ban ce uffan ba, don ni ma ina da rabo a kuɗin gidan. Wannan ba na ɗora wa Yaya.

Iya ta ce, "To, Allah ya ba mu haƙuri," ta ɗauki bokitinta.

Da yamma Inna ta ja ruwa da kanta, ta ɗauka a ka ta kai mata har gida. Iya ta dawo mata da shi, ta ce ba bara ta je ba.

Na koma Kibiya, amma duk Juma'a ina zuwa. Gidan da ba a raba shi da sallama ya yi tsit. Aka yi suna a gida na uku da namu ba a gaya wa Inna ba. Matan nono suka koma sauka wani wuri. A lungu na ji wata tana cewa tun da Malam ya rasu halin matar ya fito, ashe dama shi ne mai kirkin.

Bayan wata uku dillali ya kawo wani Alhaji mai fataucin shanu. Ya zaga, ya ga gida shiru babu mai shiga babu mai fita, ya saya. Dillali ya yi ta washe baki yana cewa shawararsa ce ta ɗaga kuɗin. Da aka raba, abin da ya ƙaru a tumunin gadon da ya faɗo wa Inna bai kai kuɗin tunkiya ba. Ranar da na ɗauke ta zuwa gidana a Kibiya, mutum biyu ne suka fito yi mata sallama, kuma Iya ba ta ciki.

Ba a yi wata guda ba Alhajin ya sa wa rijiyar inji, ya kafa tanki, ya fito da famfo biyu ta wajen katanga, daidai inda ƙofar Baba take. Gidansa a rufe, ruwa a waje. Liman ya yi masa addu'a a masallaci. Yanzu duk unguwar da sunansa ake kiran ruwan, ana cewa Allah ya kawo musu mutumin kirki bayan wahalar da suka sha.

Da na ba Inna labari, raina a ɓace, ta ce, "Alhamdulillahi, sun samu ruwa." Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ɗago ta ce, "Kin ga Iya a wajen famfon?"

Na ce na gan ta.

"Ta tambaye ni?"

Na ce mata e, ta tambaye ta.