Malam Hambali Mai Ƙofar Ruwa da Shirin Sallar Manoman Rani

Da an sallame sallar asuba, kafin masu shayi su gama hura wuta, Malam Hambali ya riga ya ɗaure makullin ƙofar ruwa a bayan kekensa ya bi bakin kanal. Yana tafe yana tsayawa. Nan ya sauka ya cire ciyawar da ta toshe hanya, can ya sa sanda ya janye ledar da ruwa ya kwaso. In ya isa ƙofar farko sai ya yi bismilla ya murɗa, ya tsaya har sai ya ga ruwan ya kama hanyar gonar da ke da rabo a ranar, sannan ya wuce ta gaba. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a yankinmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Manoma ne suka zauna suka zaɓe shi ya riƙa raba musu ruwa, kuma tun daga ranar ba su sake zama don neman wani ba, sai bana da gwiwoyinsa suka ƙi, ya miƙa makullin ga Lukmanu, magidancin da manoma suka amince da shi.

Aikin ban ruwa kowa ya san wahalarsa. Abin da ya sa ake wannan jinjina shi ne wani ɓangare na aikinsa da ba a cika faɗa ba, wato yadda yake shirya mutane su shiga Sallah hankali kwance.

Duk wanda ya yi noman rani ya san halin da ake shiga in ƙaramar Sallah ta faɗo a bazara. Tumatir ya nuna, ba ya jiran kowa. Albasa tana son ruwa. Ga azumi, ga zafin rana, ga tela yana ta cewa a dawo gobe, ga maiɗaki tana tuna maka kayan miya. Sannan kowane manomi so yake a ba shi ruwa ranar jajibiri, don ya samu kwana biyu ko uku bai leƙa gona ba. Gonaki sun fi sittin, kanal ɗaya ce. Dattawa suna ba da labarin cewa kafin zamanin Hambali, goman ƙarshe na azumi ba ta wucewa sai an ɗaga wa juna fartanya.

Shi kuwa tun tsakiyar Sha'aban yake fara Sallarsa. Ranar Juma'a bayan la'asar zai zauna gindin mangwaron masallaci, manoma su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyinsa ba su wuce uku ba: me ka shuka, yaushe za ka ɗiba, kuma a gida za ka yi Sallah ko tafiya za ka yi? Da ya gama ji sai ya ɗauki alli ya rubuta sunaye da ranaku a wani baƙin allo da ke jingine a bangon masallaci. Wanda bai iya karatu ba ya zo a karanta masa, ya tafi ya san ranarsa tun azumi bai kama ba. Masu gonakin ƙarshen kanal, waɗanda ruwa ke isa gare su a makare, su yake fara sakawa. A lissafinsa watan azumi kullum ashirin da tara ne. In ya cika talatin, an samu rarar yini. Ranar ashirin da bakwai yake rufe jadawalinsa. Ashirin da takwas da ashirin da tara ba ya rubuta sunan kowa.

An sha yi masa ƙorafi a kan waɗannan kwanaki biyu. Wani babban manomi da ke zuwa daga birni ya taɓa tare shi, ya ce tunda fili ne, a ba shi. Malam Hambali ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Waɗannan ranaku suna da mai su, ni ma ban san shi ba tukuna." Alhajin ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Hambali bai fasa gaishe shi ba, bai kuma canja ranar ba. Mutum ne mai kafiya, wannan kowa ya sani, har 'yan'uwansa na jini sun ɗanɗana.

A gida ma haka yake. Matarsa Iyatu ta ce ɗinkin iyali tun kafin a ga watan azumi yake gun tela. Goman farko a kai shinkafa shanshera inji a sheƙe ta. Goma ta tsakiya a tanadi itace da mai da busasshen kayan miya. "Abu ɗaya a rana, haka yake ce mini," in ji ta. "Da ina ganin kamar son jiki ne. Amma wallahi tunda na zo gidan nan ban taɓa yin jajibiri ina gudu ba. Maƙwabta na ta kai-kawo, ni kuwa ina zaune ana yi mini lalle."

Shekara uku da suka wuce ne aka ga amfanin wannan tsari ƙuru-ƙuru. Ranar ashirin da shida ga azumi, rana ta take tsaka, gefen kanal ya ɓalle daidai gonar wani manomi mai suna Nasiru. Ruwa ya kwarara cikin albasar da ya rage mako guda ya cire. Gonaki goma sha ɗaya da ke jiran rabonsu na ranar da na washegari suka tsaya a bushe. Nasiru ya iso a guje, ya ga ruwa ya shanye fangalansa, ya kuma ga sawun shanu a kusa. Nan take ya ɗaga murya cewa garken Ardo Jaji ne, shugaban Fulanin da ke zaune a rugar gabas da mu. Kafin a ce haka, maza sun fi ashirin sun taru, kowa da abin da hannunsa ya kai gare shi, ga yunwa ga ƙishirwa, ana cewa a nufi ruga.

Da labari ya iske Malam Hambali, bai nufi wurin taron ba. Ƙofar sama ya fara zuwa ya rufe ruwan. Sannan ya turo kekensa ya zo ya tsaya a gaban mutane.

Nasiru ya ce, "Baba, ka ga abin da suka yi mini? Wahalar wata huɗu! Saura kwana huɗu Sallah, da me zan shiga gida?"

"Na gani, Nasiru. Zo mu duba tare."

Ya naɗe wandonsa ya shiga taɓo, ya tura hannu ƙarƙashin inda ya ɓalle, hannun ya shige har kafaɗa. Ya ce, "Sa naka hannun." Nasiru ya sa, ya ji rami ya tafi can ciki.

Malam Hambali ya ce, "Gafiya ce ta rarake shi ta ƙasa. Ga sawun shanun can, taku goma daga nan, inda suka saba tsallakawa. Kuma in laifi ake nema, nawa ne. Jiya na wuce ta nan ban lura ba."

Wasu suka fara sauke sandunansu. Nan take Malam Hambali ya raba aiki. Mutum biyar su tattaro tsofaffin buhunan taki. Mutum shida su shiga gonar Nasiru su yanka wa ruwa hanya ya fita. Sauran kowa ya koma inuwa, kada wani ya faɗi da azumi a bakinsa, a haɗu bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Wani daga cikin masu jiran ruwa ya ce, "To mu fa, Malam? Tumatirinmu zai ƙone." Ya ce, "Na yau sun koma jibi, na gobe sun koma gata. Babu wanda zai rasa. Ka je ka ƙarasa cefanenka."

Shi da kansa ya tafi ruga. Ya gaida Ardo Jaji, ya faɗa masa abin da ya faru ba tare da ɓoye zargin da aka yi ba, ya kuma roƙi aron amalanke. Ardo ya ce, "Malam, ruwan nan mu ma shi dabbobinmu ke sha." Da la'asar sai ga amalanke biyu da bijimai, da maza huɗu daga ruga, suna jigilar jar ƙasa. Aka yi aiki har gab da shan ruwa, aka dawo da sassafe aka ɗora. Kafin la'asar ta ashirin da bakwai an toshe ɓarakar an daddaɓe ta, Hambali ya saki ruwa kaɗan-kaɗan yana kallo, bango ya riƙe. Gonaki goma sha ɗayan nan suka sha a ranakun da babu sunan kowa. A shekarar watan bai cika talatin ba. Gona ta ƙarshe ta gama sha da azahar ɗin jajibiri.

Nasiru ya yi asarar wajen kashi ɗaya cikin uku na albasarsa, wannan ba a iya hana shi ba. Sauran albasar kuwa, maƙwabta suka taya shi cirewa aka shanya. Bai iya buɗe baki ya ba Ardo haƙuri ba, amma mutane sun gan shi a filin idi ya ratsa sahu biyu ya je ya shimfiɗa dardumarsa kusa da tasa.

Malam Hambali, kai ne ka koya mana cewa yawancin tashin hankalin Sallah mu muke tara wa kanmu, da muke barin komai sai ranar ƙarshe. Kai ne ka hana mai ƙarfi cin rabon na ƙarshen kanal. Kai ne ka ɗauki laifi a gaban jama'a a ranar da kowa ke neman wanda zai ɗora wa. Dattijo mai makulli, gagara gaggawa. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa kai maganar ruwan yankinmu gaban hukuma ba.

Ranar da ya miƙa aiki, bayan an yi addu'a mutane sun fara watsewa, Lukmanu ya tambaye shi abin da ya sa tun farko ya karɓi wannan wahala. Malam Hambali ya ce, "Wata Sallah, kafin a zaɓe ni, ni da yayana muka wayi gari a gona muna rigima a kan ruwa. Ya buɗe in toshe, in buɗe ya toshe. Muna jin kabbara daga filin idi, babu wanda ya yarda ya tafi ya bar wa ɗan'uwansa. Innarmu ta yi tuwo ta zuba mana a akushi ɗaya, ta zauna tana jira har la'asar. Da muka dawo kowa ya shige ɗakinsa, ba mu ci ba. Ba ta ga wata Sallar ba." Ya gyara zama ya ce, "Tumatirin da muka yi faɗa a kansa, wallahi na manta ko kwando nawa ya ba mu."

Mun gode, Malam Hambali. Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya saka maka da alheri, ya jiƙan Inna. Ya kuma taimaki Lukmanu a kan abin da ya ɗauka. Mu kuwa da muka ci moriyarka, tela ne a cikinmu ko direba, mai inji ko uwargida, kowa yana da mutanen da ke jiran sa ranar Sallah. Mu fara shiri da wuri, mu gama da wuri, mu koma gida tun tuwon da zafinsa.