Ɗakin da Na Rubuta wa Sifili

Ya ku masu karatu, shekara talatin da biyar na yi ina aikin injiniya, ban taɓa sa hannu a kan lissafin da ban tabbatar ba, kuma wallahi abin da zan faɗa da ni ya faru.

A shekarun da hanyoyin shiga Maiduguri suka zama abin tsoro, bayan na yi ritaya, aka roƙe ni in tsara na'urar sanyaya wani ƙaramin asibiti a Jiddari Polo. Irin ta zamani ce: inji ɗaya a waje, bututu zuwa kowane ɗaki, sanyi yana kwarara gwargwadon zafin ɗakin. Kafin a sayo ta, akan zana ginin a kwamfuta, a shigar da kaurin bango, da inda rana ke bugawa, da yawan mutanen kowane ɗaki, domin kowane jiki yana fitar da zafinsa. Akwai ɗaki guda a kulle, na rubuta masa sifili.

Da aka kunna, kullum daga azahar zuwa la'asar sai sanyin ya karkata can, ɗakin magani ya ɗumame, alhali ba a san ranar da wani maganin zai iso ba. Na sa mai gadi, dattijo Ba Modu, ya buɗe mini ɗakin da ke kulle. Ba kowa sai tabarmi a naɗe, amma zafin da ya buge ni mai danshin numfashi ne, irin na masallacin da ya cika.

"Ba Modu, me aka ajiye a nan?"

"Injiniya, ba kaya ba ne. Mutanen ƙauyenmu ne da suka gudo, su arba'in da ɗaya. A nan suka zauna, wata la'asar suka ce za su koma girbi, ba wanda ya dawo." Ya dube ni. "Ku 'yan boko, kun ƙirga bango kun bar mutane."

Na koma kwamfuta na sa arba'in da ɗaya, lissafi ya yi daidai da abin da injin yake sha. Na toshe bututun ɗakin. Washegari zafin ya koma cikin ɗakin maganin kansa. Na buɗe bututun. Babban injin da na sa a aiko bai samu hanyar zuwa ba, rabin maganin ya lalace a kan idona.

Har yau ban san me na auna ba. In kuka tarar da ɗaki a kulle a garin nan, ku tambayi dattawan wurin kafin ku ce ba kowa.