Abin da Inna Ke Faɗa a Bakin Ƙofa

Shekarar da na yi ta yawon tambayar likitoci ko sun karɓi kwamfuta hannu bibbiyu, a shekarar ce wani kullutu yake girma a ƙirjin mahaifiyata, ba wanda ya sani sai ita.

Aikin na wani malamin jami'a ne a Samaru. Na gama karatu ina zaman kashe wando, ya kira ni ya ce yana bincike kan asibitocin da suka bar rubuta bayanan marasa lafiya a kati suka koma kwamfuta. Nawa shi ne in hau babur in bi likitoci, in karanta musu tambayoyi daga waya, in danna amsa. Kwamfuta ta sauƙaƙa maka aiki? Kana ganin amfaninta? Za ka ci gaba da aiki da ita? Amsoshin kuwa an riga an yanka su: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba. Babu inda mutum zai ce, to, ya danganta.

Na ga wulaƙanci iri-iri. Wani ya shanya ni a benci tun hantsi har azahar. Wata a Sabon Gari ta fatattake ni da Turancin buroka, wai ba ni da aikin yi. Wani ko kallona bai yi ba, ya ce, "Malam, sa mini na yarda a duka, ka ga layi." Ni kuma in danna, in yi godiya kamar an ba ni kyautar riga.

Inna tana da hawan jini. Duk wata nakan ɗauko ta daga gidanmu a Dogarawa in kai ta wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari. Likitanta dattijo ne, Kirista daga kudancin Kaduna, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Tun ina yaro yake duba ta, kuma ya san halinta sarai.

Halin shi ne, Inna ba ta faɗin ciwo a zaune. Za a gaisa, a tambayi gida, a tambayi yara. Ya jiki? Da sauƙi. Ko ranta ne zai fita, da sauƙi. A auna jini, a rubuta magani. Sai ta miƙe ta gyara mayafi, ta taka a hankali zuwa ƙofa, ta dafa ta, ta tsaya. Shi kuma nan zai ajiye biro ya ɗago kai ya ce, "Mama, shi ke nan ko da saura?" Sai ta ba shi rabin baya ta ce, "Af, likita, dama akwai wani ɗan abu." Wannan ɗan abin shi ne ya fito da ita daga gida. Haka matan zamaninsu suke, abin da zani ya rufe ba a faɗa wa namiji ido cikin ido, kuma ba a fara shi sai an tambaya. Na sha gani lokacin da nake ƙarami ana shiga da ni. Da na girma sai na koma jira a waje. Ni ɗan fari ne, sunana ma ba ta kira, balle ta gaya mini abin da ke ƙirjinta.

Sai mai asibitin ya kawo kwamfuta. Da aikina ya biyo ta kansu, na tarar da dattijon nan tabarau a karan hanci, yana farautar haruffa da yatsa biyu. Na karanta masa tambayoyin. Ya ce, "Mai asibiti zai ga amsar?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, sa na yarda ƙwarai." Na danna. Ina shirin tashi ya ce, "Ɗana, da mutum nake dubawa, yanzu akwati nake dubawa. In ban gama shigarwa ba aka ɗauke wuta, komai ya tafi, sai in sake daga farko." Na duba wayar sama da ƙasa, babu gurbin wannan magana.

Na kai wa malamin nawa maganar. Ya yi murmushin nan na masu ilimi, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya ce wannan hira ce, ba bayanai ba, kuma tsofaffi dama haka suke da sabon abu. Na ce to marasa lafiyan fa, ba za a tambaye su ba? Ya ce binciken kan likitoci ne. Ya tambaye ni asibiti nawa suka rage.

Muka ci gaba da zuwa duk wata. Inna ta shiga ta fito, in ce me ya ce, ta ce a ci gaba da magani. Ƙanwata ce ta gano kullutun, da ta zo ganin gida ta shiga ɗaki Inna na sauya kaya. Ta kira ni tana kuka har ba na gane abin da take faɗa. Muka nufi babban asibiti a Shika. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Wata matashiyar likita, cikin tausayi ma ta yi maganar, ta ce me ya sa ba mu kawo ta asibiti da wuri ba. Wallahi ji na yi kamar in kwanta a ƙasa. Na ce matar nan ba watan da ya fito ya faɗi ba ta ga likita ba.

Ƙanwata ta matsa mata, ni ina daga bayan labule ina ji. Ta ce, "Haba Inna, me ya hana ki gaya masa?"

Inna ta ce, "Ai na tsaya masa a ƙofa. Duk zuwa sai na tsaya. Yana ta fama da abin nan nasa, gumi na zubo masa. Mutum na tsakiyar aiki sai in katse shi?" Ta huta kaɗan, ta ƙara da cewa, "Kada ku ga laifinsa, bawan Allah."

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Na ga na waɗanda suka dire masa akwati a gaba ba su koya masa ba, da na waɗanda suka turo ni in tambaye shi ko yana jin daɗi, bayan sun riga sun rubuta masa amsa. Na ji an ce rahoton ya fito, wai likitocin Zariya sun rungumi ci gaba. Har taro aka kira, aka yi tafi. Ban je ba, ina jinya.

Da Inna ta rasu, dattijon ya zo ta'aziyya. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma cikin mutane ana addu'a. Da aka sarara ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗana, duk wata tana gabana. Me ya sa ba ta gaya mini ba?"

Na so in yi masa kara, amma zuciyata ta ƙi. Na ce, "Baba, ta tsaya maka a ƙofa."

Bai ce in yi masa bayani ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun da aka kawo akwatin."